Kawuna ya shanye bayan allurar mura, an ce a Amurka ana biyan diyya: mu a nan wa za mu kama?

Sani_Kubwa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar lauyoyi da likitocin da ke cikinmu. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya yi allurar rigakafin mura a wani asibiti mai zaman kansa a nan Abuja saboda zai tafi Umra. Bayan kamar mako uku ya fara jin tafin ƙafarsa na tsitstsira, kafin a ce haka ba ya iya tashi daga kan sallaya sai an kama shi. Yanzu yana kwance, likitoci sun ce ciwon jijiya ne da ake kira GBS. Umrar ma ba a yi ba. Jiya wani abokina ya turo min bidiyon wani lauyan Amurka yana cewa duk wanda ya kamu da wannan ciwo bayan allurar mura yana da haƙƙin karɓar diyya, kuma ba zai biya lauya ko sisi ba. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, mu da ke Najeriya za mu iya shiga? In ba za mu iya ba, wa za mu kama, asibitin ko kamfanin da ya yi allurar? Kuɗin magani ya fara fin ƙarfinmu.

Maman_Iman:
Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Kawu lafiya, ya sa kaffara ne. Sannunku da jinya.

Baffa_DeiDei:
Kun gani ko? Kullum muna faɗa ana ce mana jahilai. In allurar ba ta cutarwa, me zai sa Amurka da kanta ta riƙa biyan mutane kuɗi? Ba a biyan diyya sai an yi ɓarna. Mu mutanen Kano ba labari aka ba mu ba, mun gani a 1996.

Barista_Hadiza:
Sani, sannu da ƙoƙari. Lauyan bai yi ƙarya ba, amma iya abin da zai kawo masa ciniki ya faɗa. Ga yadda abin yake. A 1986 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta kafa asusun biyan waɗanda allurar rigakafi ta yi wa illa, ya fara aiki a 1988. Kafin nan ƙararraki sun yi wa kamfanonin allura katutu, musamman kan allurar tarin shiƙa ta yara, har wasu suka fara janyewa daga yin ta. Sai gwamnati ta ɗora haraji a kan kowace allura, wanda daga baya aka mayar santi 75 bisa kowace cuta da take karewa, ana tarawa a asusu guda. Wanda ya samu illa ba kamfani zai fara makawa a kotu ba. Zai shigar da koke ne a kan sakataren lafiya na ƙasar, a wata kotun tarayya da ke Washinton, inda aka ware alƙalai na musamman da wannan kaɗai suke saurare.

Allurar mura ta shekara-shekara ta shiga tsarin a 2005. A 2017 kuma aka sa GBS cikin jadawalin illolin da doka ta amince da su. Ma'ana, idan ciwon ya bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 42 bayan allurar, doka za ta ɗauka allurar ce, ba sai ka kawo ƙwararren da zai tabbatar ba, sai dai in gwamnati ta kawo hujjar cewa wani abu ne daban ya jawo shi.

Inda gizo ke saƙa shi ne, sai a cikin Amurka aka yi maka allurar. Ba dole sai kana ɗan ƙasa ba, baƙo ma yana iya nema. An yi togaciya ga sojojinsu da ma'aikatan gwamnatinsu da ke aiki a waje tare da iyalansu, da kuma wanda aka yi wa allurar da wani kamfani da ke Amurka ya haɗa, sannan ya koma ƙasar cikin wata 6. Kawu a Abuja aka yi masa, a Abuja yake kwance. Wannan ƙofar ba tasa ba ce. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin buɗe fayil a can, ɗan damfara ne.

Dan_Zone4:
Barista ranki ya daɗe, nawa ake ba mutum? Don ƙarin ilimi kawai nake tambaya 😂

Barista_Hadiza:
@Dan_Zone4 ajiye kalkuletar taka. Kuɗin raɗaɗi da wahala ba ya wuce dala 250,000, na mutuwa ma dala 250,000, kuma tun da aka fara ba a ƙara ba, abin da lauyoyinsu ke ta ƙorafi a kai ke nan. Kuɗin magani da albashin da mutum ya rasa lissafinsu daban ake yi. Sannan sai illar ta wuce wata 6, ko ta kai ga kwanciya asibiti da tiyata, ko mutuwa. Kana da shekara 3 daga ranar da alamar farko ta bayyana ka shigar da koke. Batun lauya kyauta kuwa, asusun ne ke biyansa, ko da an faɗi shari'ar, muddin kotu ta ga koken yana da tushe. Shi ya sa kuke ganin tallarsu ko'ina a intanet.

Baffa_DeiDei:
To ai ga shi nan daga bakin lauya. "Doka za ta ɗauka allurar ce." Me ya rage kuma? Sun amsa laifinsu.

Likita_Garki:
Baffa, a yi haƙuri in ɗan tsoma baki. Abin da doka ta ɗauka daban, abin da bincike ya nuna daban. An sassauta dokar ne da gangan don kada mara lafiya ya ƙare rayuwarsa a kotu. Hukumar da ke kula da asusun ma tana faɗa cewa wajen kashi 60 na biyan da ake yi sulhu ne, ba tare da gwamnati ta yarda allurar ce sanadi ba.

Shi GBS, likitocin Faransa ne, Georges Guillain da Jean Barré da André Strohl, suka bayyana shi a 1916 a jikin wasu sojoji biyu lokacin yaƙin duniya na ɗaya. Garkuwar jiki ce ke rikicewa ta koma tana cin jijiyoyin da ke kai saƙo daga laka zuwa gaɓoɓi. Yawanci daga ƙafa yake farawa ya yi sama, ɓangare biyu a tare. A nan ya bambanta da shanyewar ɓarin jiki ta hawan jini. Ko babu wata allura, a kowace shekara mutum 1 zuwa 2 cikin 100,000 na kamuwa da shi. Kusan biyu cikin uku na masu shi za ka tarar sun yi gudawa ko mura kwanaki ko makonni kafin nan. Babbar mai tayar da shi wata ƙwayar cuta ce, Kamfilobakta, da ake samu a naman kazar da bai dahu sosai ba da gurɓataccen ruwa.

Ban ce allura ba ta da hannu ko kaɗan ba. A 1976, bayan ɓullar murar aladu a barikin soja na Fort Dix, gwamnatin Gerald Ford ta yi wa mutum sama da miliyan 40 allura, aka ga ƙarin kamar mutum 1 cikin 100,000 na kamuwa da GBS, aka dakatar da shirin a watan Disamba na shekarar. Daga nan tsoron ya samo asali. Amma allurar da ake yi yanzu duk shekara, in ma akwai ƙari, bai wuce mutum 1 zuwa 2 cikin miliyan ba. Murar kanta ta fi allurarta jawo GBS.

Sani, tambayi matar Kawu: ya yi gudawa ko zazzaɓi a makonnin da suka gabaci ciwon? Sannan abin da ya fi diyya gaggawa yanzu shi ne numfashinsa da haɗiyarsa. Kusan ɗaya cikin huɗu na masu wannan ciwo sai an sa musu injin numfashi. Kada a fitar da shi daga asibiti sai likita ya tabbatar ciwon ya daina hawa.

Alhaji_Mai_Atamfa:
Likita ka yi gaskiya a kan fitar da mara lafiya. Wani maƙwabcinmu irin haka ta same shi, shi ko allurar bai yi ba, 'yan uwa suka ce sammu ne aka ɗauke shi zuwa ƙauye. Da ƙyar aka dawo da shi numfashi na sarƙewa. Yanzu yana tafiya da sanda, amma yana zuwa masallaci da ƙafarsa. A yi addu'a, a yi ruƙiyya, amma a kan gadon asibiti.

Ummu_Khalil_Maryland:
Ni a can nake aikin jinya, kuma duk shekara in sanyi ya gabato sai asibitinmu ya ce kowa ya yi allurar mura. Abin da Anti Barista ta faɗa haka yake. Sai dai kada wani ya zaci yau ka kai koke gobe ka ji alat. Wata abokiyar aikina ba GBS ta samu ba, kafaɗa ce ta riƙe saboda an tsira mata allurar can sama kusa da gaɓa. Shi ma yana cikin jadawalin tun 2017, in ciwon ya fara cikin awa 48, kuma irin wannan koken ne ya cika kotun yanzu. Ta yi shekaru tana jira, alƙalan su 8 ne kacal ga ƙasar duka. Kuma kowane rasit, kowace takardar likita, sai da ta kawo. Ranar da ta fara zuwa asibiti da abin da ta faɗa wa likita a ranar, shi aka fi dubawa.

Wani abu kuma, allurar korona ba ta cikin wannan asusu. Ita wani tsari daban aka ba ta, mai wa'adin shekara 1, kuma samun kuɗi a can ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Yar_Jos_a_Lugbe:
Baffa, a gyara magana ɗaya. Abin da ya faru a Kano a 1996 ba allurar rigakafi ba ce. Trovan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne da Pfizer ta gwada a kan yara lokacin annobar sanƙarau. Yara 200 ne a gwajin, 11 suka rasu, 5 cikin waɗanda aka ba Trovan, 6 cikin waɗanda aka ba ɗaya maganin. Kamfanin ya ce sanƙarau ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba.

Baffa_DeiDei:
'Yata, je ki faɗa wa uwar da ta rasa ɗa cewa wannan magani ne wancan rigakafi. Ita dai ta san Bature ya zo da allura. Kuma ki ƙarasa labarin mana. Sai 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Sai 2011 iyalai 4 na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, bayan an yi musu gwajin ƙwayar halitta. Shekara 15 ke nan! Wannan da gwamnatin jiha ta tsaya, har da shari'a a Amurka. To Kawun Sani wa zai tsaya masa?

Yar_Jos_a_Lugbe:
A nan kam ban musa maka ba Baffa. Kuma ina ganin wannan jiran na cikin abin da ya ba jita-jitar 2003 ƙarfi, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano sai 2004 aka dawo. Yara nawa suka gurgunce a dalilin haka, har cutar ta tsallaka wasu ƙasashe? Sai 2020 aka ce Afirka ta rabu da ita. Ni a ganina da muna da irin wannan asusu da an rage gardama. Ka ce wa mutane: ku zo a yi muku, in ɗaya cikin miliyan ya samu matsala mun ɗauki nauyinsa. Jamus ta fara irin wannan tun 1961. Ingila na da nata tun 1979, fam 120,000 take bayarwa, ko da yake sai nakasar ta kai kashi 60, abin da mutanensu ke kuka da shi. Mu kuma kullum "babu illa, babu illa" ake ce mana, sai ranar da aka ga illar a rasa mai amsa waya.

Dan_Zone4:
Asusu a ƙasar nan? Kafin mara lafiya na farko ya cike fom an sayi motocin kwamiti. Sannan duk wanda ƙafarsa ta yi tsami zai ce allura ce.

Nas_Talatu:
@Dan_Zone4 an ma taɓa yi, ba ku ji ba ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa tsarin biyan diyya ba tare da zuwa kotu ba ga ƙasashe 92 da suka karɓi allurar korona ta shirin COVAX, Najeriya na ciki. Ba ta hannun gwamnatinmu kuɗin ke bi ba. Amma na yi aikin allurar nan a lokacin, ban taɓa jin an yi wa jama'a shelarsa da Hausa ba. Kuma na korona ne kawai, bai shafi ta mura ba.

Sani, abin da nake so ka yi shi ne a kai rahoto. Allurar mura ba ta cikin jerin rigakafin da gwamnati ke yi kyauta, asibitoci masu zaman kansu ne ke sayo ta, don haka in ba ku matsa ba babu mai rubutawa. Ka nemi katin allurar, ka duba sunanta da lambar rukunin da aka haɗa ta da ranar da za ta lalace. NAFDAC na da fom ruwan ɗorawa na kai rahoton illar magani, tana kuma da manhajar waya mai suna Med Safety. Akwai jami'in sa ido kan cututtuka a kowace ƙaramar hukuma. Rahoton ba zai kawo muku kuɗi ba, kada in yaudare ka. Amma in mutum uku suka kawo ƙorafi a kan rukuni ɗaya, a nan ake gane akwai matsala.

Malam_Mararaba:
Assalamu alaikum. Tunda ana ta ambaton diyya, bari in faɗi abin da malamai suka ce. Akwai hadisi a Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah da ke nuna wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, shi ke da lamunin ɓarnar da ya yi. Amma ƙwararren likita da aka ba izini, ya yi aikin yadda ake yi, hannunsa bai ƙetare iyaka ba, malamai sun ce babu lamuni a kansa ko da an samu illa. In kuma ya yi kuskure da hannunsa, da yawa sun ce diyyar na kan aƙila, wato danginsa na wajen uba su haɗu su biya, ba shi kaɗai ba. To Baffa, ka ga a shari'armu ma akwai inda mutum ke biya alhali ba shi ya yi laifin ba. Ana raba nauyin ne don kada wanda aka cuta ya tashi a banza, kada kuma mutum ɗaya ya durƙushe. Wannan santi 75 ɗin da kowa ke biya, ni ban ga nisansa da wannan hikimar ba. Allah ne mafi sani.

Baffa_DeiDei:
Malam, aƙila dangi ne, sun san juna. Wancan kuwa mai sayen allura ne ke biyan harajin, kamfani ya kwashe riba ya yi gaba. Kai ka biya kuɗin allurar, kai ka biya kuɗin diyyarka.

Barista_Hadiza:
Wannan sukar Baffa ba shi kaɗai ke yin ta ba, a can ma ana yi. A 2011 kotun ƙolin Amurka, a shari'ar Bruesewitz da kamfanin Wyeth, ta ce ba za a kai kamfani ƙara a kan cewa tsarin haɗa allurar ne ke da aibi ba. Alƙalai biyu ba su yarda da hukuncin ba. Masu goyon baya kuma suna cewa in ba haka ba babu mai yin allurar.

Mu dawo kan tambayar Sani ta ƙarshe, wa zai kama a nan. A Najeriya sai ka tabbatar da sakaci: asibitin ya yi abin da ƙwararre ba zai yi ba, kuma wannan abin ne ya jawo ciwon. In allurar ta wuce wa'adi, ko ba ta da rajistar NAFDAC, ko ba a ajiye ta a sanyi ba, ko Kawu ya taɓa yin GBS bayan wata allurar a baya ba a tambaye shi ba, to akwai magana. Dokar kare masu sayen kaya ta 2018 ma ta ɗora alhaki a kan wanda ya sayar da kaya mai aibi. Amma in allurar lafiyarta ƙalau, an yi ta daidai, jikinsa ne ya karɓe ta a haka, gaskiya shari'ar za ta yi wuya, kuma ku za ku biya lauya da ƙwararren da zai ba da shaida. Hukumar kula da likitoci ta MDCN ladabtar da likita take yi, ba ta biyan mara lafiya. Ga masu karatu da abin ya shafi asibitin gwamnati, ku kula da dokar kare jami'an gwamnati, wata 3 kacal take bayarwa a shigar da ƙara.

Sani_Kubwa:
Na gode ƙwarai jama'a. Likita, na kira matar Kawu na tambaye ta. Ta ce kamar mako biyu kafin ƙafar ta fara, ya yi ciwon ciki da gudawa na 'yan kwanaki bayan wani biki, ya sha magani ya wuce, ba wanda ya kawo shi a rai. Mu duk hankalinmu a kan allurar yake. An ba shi wani ƙarin ruwa mai tsada na kwana 5, yanzu an ce ciwon ya tsaya a cinya, hannu yana motsi.

Likita_Garki:
Alhamdu lillahi. Wannan ƙarin ruwan shi ne maganin, ɗayan kuma tace jini. Ku faɗa wa likitansa batun gudawar yau ɗin nan a rubuta a fayil. Ba zan ce ita ce ba, ba zan ce allurar ce ba, babu gwajin da zai raba muku wannan gardamar a mutum ɗaya, amma da za a ce in zaɓa, gudawar zan fi zargi. Akasarin masu ciwon na komawa tafiya da kansu cikin wata 6, wasu kuma rauni da gajiya kan daɗe. Ku tanadi ƙarfinku don gashi, wato atisayen motsa gaɓoɓi da ake yi a asibiti, kada a yi wasa da shi. Allurar mura ta gaba kuwa, kada ya yi sai da shawarar likitan jijiya.

Ummu_Khalil_Maryland:
Ko a nan ne, lauyoyin gwamnati da wannan gudawar za su riƙe. Amma nauyin tabbatarwa a kansu yake, ba a kan mara lafiya ba. Bambancin ke nan da abin da Anti Barista ta ce ana yi a gida.

Baffa_DeiDei:
Yanzu kuma kazar biki ce mai laifi. To madalla. Ni dai mutum ya yi shekara da shekaru yana cin abincin biki bai shanye ba sai da aka yi masa allura.

Maman_Iman:
Baffa kai ma dai. Yaron nan jinya yake yi, a bar shi ya ji da abu ɗaya.

Sani_Kubwa:
Babu komai Hajiya, Baffa ubana ne, kuma mahaifiyata ma ra'ayinta ke nan, ta ce sai an je asibitin an yi magana. Anti Barista, in muka je suka ƙi ba mu bayanin allurar fa? Katin da suka ba shi kwanan wata kawai aka rubuta da hatimi.

Barista_Hadiza:
Kada ku je da hayaniya, kuma kada ka sa sunan asibitin a Facebook, sai ƙarar ɓata suna ta juyo kanka. Ku rubuta wasiƙa da sunan Kawu, ya sa hannu ko ya dangwala, ku nemi rahoton likita da sunan allurar da lambar rukuninta da wurin da suka sayo ta. Ku riƙe kwafin da suka buga wa hatimin karɓa. In sun yi shiru sai lauya ya rubuta, ko ku kai koke hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta FCCPC. Ka haɗa duk rasit ɗin da kuka biya tun ranar farko. Sai mun ga abin da suka bayar sannan zan iya ce maka akwai shari'a ko babu.

Nas_Talatu:
Ka tambaye su littafin firij ɗinsu ma, inda ake rubuta sanyinsa safe da yamma. Asibitin da ke ajiye allura ya kamata ya kasance yana da shi.